Aiki a babban kamfanin banki da inshora a Abuja: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina aiki a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu banki a gefe guda inshora a ɗaya gefen, na zauna kanta na yi maketin na kuma yi ɓangaren biyan diyya, duk anan Abuja, kuma kusan kullum sai wani ƙani ko ƙanwa ko ɗan maƙwabci ya kira ni, ko dai an gayyace shi intabiyu ko kuma ya riga ya shiga abin ya fara isarsa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shiyasa nace bari in tara su wuri guda. Bazan kama sunan kamfani ba, dan abinda zan faɗa ba na gida ɗaya bane.

Yaya wai bankin da inshorar duk kamfani ɗaya ne? Naga tambarinsu iri ɗaya.

Tambari ɗaya ne amma a takarda ba ɗaya bane. Tun 2010 CBN ya soke tsarin da banki ke yin komai da lasisi guda, ya ce ko dai banki ya sayar da sauran harkokinsa ko kuma a kafa uwar kamfani a sama, banki ya zama ɗa, inshora ta zama ɗiya, kamfanin fansho ma haka. Toh bankin CBN ke sa masa ido, inshorar kuma hukumar inshora NAICOM, fansho hukumar fansho PenCom. Abinda ya shafe ka anan shine albashi ba ɗaya ba, bonas ba ɗaya ba, matakin girma ba ɗaya ba, zaka ga mutum biyu a bene ɗaya sun shigo rana ɗaya ɗan bankin ya fi ɗan inshorar ɗauka nesa ba kusa ba. Kuma ranar da uwar ta ga dama ta sayar da ɗaya daga cikin 'ya'yan, da kai za a sayar. Dan haka ka duba sunan da ke saman takardar ɗaukarka, ba wanda ke jikin gini ba.

An ce min aikin kwantiragi ne amma wai bayan shekara biyu za a mayar dani cikakken ma'aikaci. In karɓa?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci kuma ita ce aka fi yiwa riƙon sakainar kashi saboda murnar an samu aiki. Yawancin masu zama kanta, masu buɗe asusu, masu amsa waya, direbobi, masu gadi, har da da yawa daga cikin 'yan maketin, ba ma'aikatan bankin bane. Wani kamfani ne daban ya ɗauke su ya kawo su, shi ke biyansu, shi ke iya cire su, bankin kawai waya zai yi yace wannan bamu buƙatarsa kuma, washegari katinka ya daina buɗe ƙofa. Aiki ɗaya kuke da cikakken ma'aikaci, layi ɗaya kuke sallama, in kuɗi ya ɓace kai ma za a riƙe, amma albashinka wani lokaci ko rabin nasa bai kai ba, ba bonas na kirki, ba bashin gida, asibitin da aka rubuta maka ma ba irin nasa bane.

Maganar za a mayar da kai kuwa, ka tambaye su cikin ladabi a ina aka rubuta. In babu a takarda to fata ce kawai ake maka. Ana mayar da wasu, na gani da idona, amma sai an buɗe jarrabawa kuma jarrabawar tana da ƙa'idar shekaru da ta sakamakon digiri, sai kaga yaro ya shiga yana ɗan ashirin da biyar yana jira yana jira har shekarunsa suka wuce ƙa'idar yana nan kan kujera ɗaya. Wannan shine abinda yafi ci min rai a duk harkar nan wallahi, yara masu ƙwazo ana cinye musu ƙuruciya da sai an jima sai an jima.

Bance kar ka karɓa ba. In ba ka da komai a hannu ka karɓa, zaka koyi aiki zaka san mutane, amma tun ranar farko ka yankawa kanka wa'adi, ka fara jarrabawar ƙwararru, CIBN in banki ne, CIIN in inshora ce, ko ICAN in kana da kan lissafi, kuma kar ka daina neman wani wurin.

Kuɗin da suka rubuta min a takarda yana da yawa, amma wata anti tace kar in ruɗu. Me take nufi?

Gaskiya ta faɗa maka. Abinda ake rubutawa na shekara ne kuma an cusa komai a ciki, har da bonas ɗin da ba lallai ka samu ba da kuɗin da kamfani zai zuba maka a fansho wanda hannunka bazai taɓa ba yanzu. Daga cikin sauran za a cire haraji, a cire kashi 8 cikin ɗari na fanshonka, wasu wuraren a cire kashi 2.5 na asusun gidaje duk da tun 2023 an mayar da shi na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a shekara, hakan ya ɗan taimaki ƙananan ma'aikata. Ka ce wa HR, wato sashen kula da ma'aikata, dan Allah nawa ne zai faɗo min a asusu duk ƙarshen wata, wannan lambar ita ce albashinka.

Sannan ka auna ta da Abuja. Ofis yana Wuse 2 ko Garki ko Maitama, kai kuma ɗakin da zaka iya biya yana Mararaba ko Masaka ko Kubwa ko Lugbe ko ma Suleja, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani haya na biyu. Ga kwat da taye da takalmi da ake so kullum tsaf, ga abincin rana. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, akwai 'yan kwantiragin da abinda ke rage musu bayan kuɗin mota bai fi haka da wani abin kirki ba, amma a unguwa ana ce musu ma'aikacin banki kowa na kawo musu buƙata.

Wani abu kuma, wasu kamfanonin suna ba ka kuɗin haya da wasu alawus a dunƙule farkon shekara. Daɗi gare shi, sai dai in ka bar aiki a watan shida za a ce ka dawo da na watannin da suka rage.

Menene gaskiyar maganar tajet ɗin nan da kowa ke kuka da shi?

Tajet shine aikin, sauran duk ƙari ne. A banki za a ce ka kawo ajiyar kuɗi kaza, sabbin asusu kaza, POS kaza, bashi kaza, a inshora kuma a ce ka sayar da takardun inshora na kuɗi kaza a wata. Da yake uwa ɗaya ce sai a riƙa ɗora wa ɗan banki tallan inshora ɗan inshora kuma a ce ya jawo kwastoma ya buɗe asusu.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi kowa ya hallara, an haska allo a bango, sunanka a jere da na sauran, wanda ya cika kore wanda bai cika ba ja, manaja na bi ɗaya bayan ɗaya, wane ina alhajin Dei-Dei da kace zai kawo kuɗi tun makon jiya, kai kuma ka san alhajin ya daina ɗaukar wayarka, ka tsaya kana ya ce min gobe ranka ya daɗe, kowa ya sunkuyar da kai dan ya san nasa na zuwa. Manajan ma ba mugu bane sau da yawa, shi ma ƙarfe shida aka kira shi daga Legas aka wanke shi tas. Daga nan ka fita rana, kasuwar Wuse shago shago, Utako, Zuba wajen 'yan kayan mota, sakatariya ofis ofis.

Inshora tafi wahalar sayarwa a wajen mutanenmu, kana buɗe baki za a ce maka Allah ne mai tsarewa. Abinda ke fita da kansa shine inshorar mota ta dole, wadda ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, ita kuma kamashonta bai taka kara ya karya ba.

Abinda nake roƙon ƙannena, komai matsi kar ku yi abu uku ɗin nan. Kar ka biya wa kwastoma kuɗin inshora daga aljihunka dan lambarka ta koma kore, wata mai zuwa ma sai ka biya. Kar ka karɓi BVN ɗin 'yan uwa ka buɗe asusun da su basu san da shi ba. Kar ka yiwa mutum alkawarin ribar da bata cikin takarda. Rashin cika tajet mafi muni sallama ce, waɗannan kuwa suna iya kai mutum hannun EFCC, kuma ranar manajan da yace kayi duk yadda zakayi bazai tuna ya faɗa ba.

In kuɗi bai cika ba a kanta wa ke biya?

Kai. Ƙarfe huɗu an rufe ƙofa kwastoma sun tafi, nan ne aikin mai kanta ke farawa, ka jera ɗaurin dubu dubu da na ɗari biyar biyar, na'ura ta ƙirga ka sake bi da hannu, kwamfuta tace kaza aljihun tebur yace kaza, in akwai bambancin ko dubu biyar ne ba mai tafiya gida, a zazzage kwandon shara a duba ƙarƙashin tebur a koma kan takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin har a buɗe kyamara. In ba a gani ba a rubuta a sunanka a cire a albashi. In kuma rara aka samu ba naka bane, ka rubuta ka miƙa, wanda ya saka rara a aljihu ya gama aikinsa da kansa dan mai kuɗin zai dawo.

Kuma faswod ɗinka ko oga ne ya ce ba ni in ɗan shigar da abu kana sallah, ka ba shi haƙuri kace ina zuwa yanzu. Duk abinda aka yi da sunanka kai ka yi shi a idon masu bincike. Wanda aka kora kan zamba ana kai sunansa CBN, daga nan ba bankin da zai sake ɗaukarsa. Haka sa hannu, kar ka sa wa takardar da baka karanta ba dan ana sauri.

Ƙarfe nawa ake tashi? Ana barin mutum yayi sallah?

A takarda takwas zuwa biyar. A zahiri in kana Mararaba sai ka fito bayan asuba kai tsaye dan ka riga gosulon Nyanya, komawa kuma sai abinda hali yayi, ƙarshen wata da ƙarshen shekara kana iya kaiwa tara na dare, ga Asabar ɗin da za a ce tirenin ko a zo a loda wa ATM kuɗi. Ɓangaren inshora ya ɗan fi sauƙi ta wannan fannin. Masu dawowa da dare dan Allah ku hau mota a tasha, kun san halin 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, a hanyoyin nan.

Sallah kuwa a Abuja ban ga inda ake hanawa kai tsaye ba, yawancin rassa akwai ɗan lungu da darduma, ana yin karɓa karɓa. Juma'a ce ke son shiri, ka daidaita da abokin aikinka Kirista tun da wuri ya riƙe maka, kai ma ka riƙe masa lokacin Kirsimeti da Ista ko ranar da yake da hidimar coci. Wanda ke zaune lafiya da mutane baya rasa Juma'a. Matsalar tana zuwa ne in mutum ya tafi ƙarfe ɗaya sai uku da rabi, ya ja wa na bayansa.

Yaya ni mace ce, ina sa hijabi, kuma naji ana cewa 'yan matan maketin ana tura su wajen masu kuɗi. Gaskiya ne?

Ƙanwata maganar hijabi tayi sauƙi sosai akan da, musamman a rassan Arewa da Abuja, ƙaramin hijabi ko ɗankwali mai kalar da ta dace da kayan aiki zaki ga da yawa. Ki je intabiyu da shigar da zaki riƙa zuwa aiki da ita, in zasu ƙi su ƙi tun daga nan.

Ɗayar maganar kuma bazan ce miki ƙarya ce ba. Ba wanda zai rubuta miki a takarda, amma akwai ogan da zai ce ai alhaji ke yake son gani, ki je ki same shi a otal bayan magariba, ki san yadda zaki yi. Akwai kuma kwastoman da ke ganin ajiyarsa ta saya masa komai. Mata da yawa sun yi wannan aikin da mutuncinsu har suka zama manajoji, kuma abin takaici ne yadda ake yi musu kuɗin goro a gari. Abinda na ga yana aiki: ganawa a ofis ko shago da rana, ki tafi da abokin aiki ko direban kamfani, in aka turo miki saƙon banza kar ki goge, ki ɗauki hotonsa ki ajiye a wayar da ba ta kamfani ba. In oga ne ki rubuta wa HR ta imel ba da baki ba, ki sa rana da lokaci, manyan kamfanonin nan kuma suna da layin kai ƙorafi a ɓoye. In aka yi miki ramuwa da canjin wuri ko sallama, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraron ƙarar cin zarafi irin wannan a wurin aiki, kuma dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane tana aiki a Abuja. Ki gaya wa wani babba a gida tun abin yana ƙarami, kar ki riƙe shi ke kaɗai.

Hutun haihuwa fa?

Dokar ƙwadago ta ba da mako 12, da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa bayan kin dawo. Manyan kamfanoni da dama suna biyan cikakken albashi wasu ma su ƙara kwanaki, amma na 'yar kwantiragi yana hannun kamfanin da ya kawo ta, dan haka ki nemi littafin ƙa'idojinsu ki karanta. Kuma ki tambaya ya ake lissafa tajet na watannin da bakya nan, nan ne ake cutar mata a tantancewar ƙarshen shekara.

Mahaifina yace aikin banki da inshora akwai riba a ciki, baya so. Ya zanyi?

Fatawa ta malamai ce, ka je wajen malamin da kai da Baba kuka yarda da shi ka faɗa masa ainihin aikin da zaka riƙa yi da hannunka, ba sunan kamfani kawai ba. Abinda zan ƙara maka shine yanzu akwai zaɓi. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank ya zo 2019, Lotus 2021, duk bankuna ne marasa kuɗin ruwa. A inshora akwai takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, akwai irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Sai dai kar ka ɗauka can babu tajet, akwai shi daram. Kuma kar ka shiga aiki da fushin mahaifi, aikin da kansa ma ya ishe ka nauyi.

Ana cire min fansho duk wata, ta ya zan san yana shiga?

Yawwa, wannan tambayar nake so matasa su riƙa yi. Dokar fansho ta 2014 tace kai kashi 8 kamfani aƙalla kashi 10, kuma a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. Kamfanin fanshonka zai turo maka saƙo duk sanda kuɗi ya shiga, in wata biyu ya wuce shiru ka buɗe manhajarsu ka duba ko ka je ofishinsu a buga maka bayanin asusu. Manyan bankuna basu cika wasa da wannan ba, inda ake samun matsala shine ƙananan kamfanonin da ke kawo 'yan kwantiragi, a cire a takardar albashi amma ba a tura ba. In ka ga haka ka rubuta musu, in shiru ka kai wa PenCom, hedikwatarsu tana nan Abuja. Kai ke da ikon zaɓen kamfanin fanshonka ba dole sai na gidanku ba, kuma tun Nuwamban 2020 ana iya canzawa sau ɗaya a shekara.

Dokar ta kuma wajabta wa kamfani ya yi maka inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinka na shekara. Ka cike sunan magaji daidai, ka sabunta in kayi aure, ka kuma gaya wa iyalinka akwai wannan haƙƙin. Na ga matar da mijinta ya rasu bata san akwai komai ba sai da abokan aikinsa suka neme ta. Haɗari a bakin aiki kuma akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ƙarƙashin NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar, kamfani ne ke zuba kashi 1 ba kai ba.

Sun ce in zo in zama wakilin inshora, ba albashi sai kamasho. Aiki ne ko wahala?

Kasuwanci ne, ka ɗauke shi a haka. Wasu wuraren akwai ɗan kuɗin mota na watannin farko daga nan sai abinda ka sayar. Wanda ke da jama'a da haƙuri yana ci, musamman in ya samu makarantu ko masu motocin haya ko ƙungiyoyin adashi na ma'aikata, amma watannin farko akwai yunwa, in kai ke ciyar da gida ka yi tunani. Ka tambayi kashi nawa ne kamashon, yaushe ake biya, in kwastoma ya daina zubi za a ƙwace wanda aka ba ka ko a'a, sannan kwastoman da ya sabunta baɗi naka ne ko na kamfani.

Kuma kar kuɗin kwastoma ya kwana a hannunka, ya tura asusun kamfani kai tsaye a ba shi rasit. Ƙa'idar ita ce in kuɗi bai shiga ba babu inshora. Da nake ɓangaren diyya abinda yafi tada hankali kenan, mutum ya zo da hoton shagonsa da ya ƙone ƙurmus da takarda a hannu, ka duba kwamfuta ka ga wakili bai taɓa shigar da kuɗin ba, kai ne kuma zaka kalli idonsa ka faɗa masa.

Oga ya kira ni yace gara in rubuta takardar ajiye aiki da kaina kafin a kore ni. In rubuta?

Kar ka rubuta a ɗakin. Kace ranka ya daɗe a bani zuwa gobe, ka fita ka nemi lauya ko wakilin ƙungiya ko wani tsohon hannu. Wani lokaci ajiyewar tafi maka, musamman in akwai laifi na gaske kuma ana son rufa maka asiri dan takardarka ta fita da tsabta. Wani lokaci kuma rage ma'aikata ake ana so ka sauƙaƙa musu kuɗin sallama. Bambancin yana cikin takardar ɗaukarka da littafin ƙa'idoji: wa'adin sanarwa nawa ne, me ake ba wanda aka rage, me ake ba wanda ya tafi da kansa, ya za a yi da bashin da ke kanka. Dokar ƙwadago tace wanda ya shekara biyar ko fiye a ba shi sanarwar wata guda, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, amma manyan ma'aikata abinda ke cikin yarjejeniyarsu shi kotu tafi dubawa.

Rage ma'aikata a harkar nan yana zuwa ne da guguwa. A 2005 da aka ce kowane banki ya kawo jarin biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, mutane da yawa suka rasa aiki. A Maris 2024 CBN ya sake ɗaga jari, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na yanki, da wa'adin ƙarshen Maris 2026, a 2025 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora ita ma ta ɗaga nasu jarin. Duk sanda kamfani biyu suka haɗe, reshe biyu a titi ɗaya sai ɗaya ya tafi. Dan haka ko kana cika tajet ka riƙa ajiye wani abu a gefe, kuma ka rage cin bashin ma'aikata dan yana da arha, ranar da aka sallame ka daga kuɗin sallamar za a fara cirewa.

In ka zauna wata huɗu ba aiki kana iya cire kashi 25 na abinda ke asusun fanshonka.

Akwai ƙungiyar ma'aikata kuwa?

Akwai, ASSBIFI ta manyan ma'aikata, NUBIFIE ta ƙanana, duka sun haɗa banki da inshora. A wasu kamfanonin suna da ƙarfi ana zama da su kafin a rage mutane, a wasu kuma ko sunansu ba a son ji, 'yan kwantiragi kuwa galibi suna waje. Ka tambayi tsofaffin ma'aikata a hankali ya abin yake a gidanku.

An bani takardar tuhuma, hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinka, kusan kowa ya taɓa karɓa. Ka amsa cikin lokacin da aka ba ka, gajere, abinda ya faru da rana da lokaci, ka haɗa da duk imel ko takardar da ke goyon bayanka, banda zagi banda tone tone kuma banda amsa laifin da baka yi ba dan kawai a bar maganar. Ka ba wani babba ya karanta kafin ka tura. Daga yau kuma duk umarnin da oga ya baka da baki wanda ranka bai kwanta da shi ba, ka koma tebur ka tura masa imel kace ranka ya daɗe kamar yadda ka umarta zan yi kaza, in ya amsa shikenan in ya kira ka yace bar shi to ka gane.

Jikina ya fara gaya min, ciwon kai kullum ga rashin barci. Haka kowa yake?

Da yawa haka suke amma ba daidai bane. Hawan jini da olsa sun yi yawa a cikinmu, har yara 'yan talatin. Kana da katin asibiti na kamfani, yi amfani da shi, a auna jininka, ka ci abinci kafin azahar ko layi ya kai titi. Hutun shekara haƙƙinka ne, ka cike takardarsa tun farkon shekara kafin a ce ba mai riƙe maka. In kuma ya kai ana kiran sallar asuba gabanka na faɗuwa saboda ofis, ka fara neman canjin sashe, akwai ɓangarorin da ba tajet irin su bincike, bin ƙa'ida, kwamfuta da tantance diyya, kuma an fi ɗaukar na ciki in yana da takardar ƙwarewa.

Na samu wani wuri zan tafi, me ya kamata in karɓa kafin in fita?

Ka ba da sanarwa daidai yadda takardarka tace ko ka biya kuɗin madadinta, kar ka ɓace kawai, dan sabon wurin sai sun rubuto suna tambayar halinka kuma harkar nan ƙarama ce kowa ya san kowa. Kar ka ajiye sai sabuwar takardar ɗauka ta shigo hannunka da sa hannu. Tun kafin a rufe maka imel ka sauke takardun albashinka, takardar tabbatar da kai, ta ƙarin girma da sakamakon tantancewarka na shekaru, naka kawai, bayanan kwastoma ko lamba ɗaya kar ka kwasa. Ka miƙa aiki a rubuce wanda ya karɓa ya sa hannu, makulli da kati da kwamfuta duk a rubuta an karɓa. Ka nemi lissafin bashin da ke kanka da abinda kake bi a takarda, ka karɓi takardar amincewa da ajiye aikinka da ta shaidar ba a binka komai, ka duba fanshon watan ƙarshe ya shiga. Waɗanda suka tsaya maka lokacin ɗauka kuma, kawu ne ko malaminka, ka tambayi HR yaushe nauyin zai sauka daga kansu, ka kira su ka gaya musu ka tashi daga wurin.